Wa Ya Koya Wa Likita Riƙon Asibiti?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na ga ya dace yau in baje ta a wannan fili, domin ma'aikatan lafiya da hukumomin da ke naɗa su muƙamai su taya ni nazari. Mun san inda likita ya koyi tiyata, mun san inda ungozoma ta koyi karɓar haihuwa, mun kuma san inda mai haɗa magunguna ya koyi aikinsa. To amma wanda aka damƙa wa asibiti sukutum, da gininsa da kuɗinsa da ma'aikatansa da rayukan da ke kwance a ciki, a wace makaranta aka koya masa yadda zai riƙe shi?

Ni dai ba likita ba ne. Abin da ya jefa ni cikin wannan magana wani dare ne a ƙarshen damina, lokacin da masara ta fara bushewa a gonakinmu na Maska. Matar ƙanena ta haihu a gida, sai jini ya ɓalle mata. Muka sa ta a mota muka nufi wani asibiti da ba zan kama sunansa ba, domin ba tozarta kowa na zo yi ba. Mun tarar da likita, matashi mai ladabi, wanda da ganin hannunsa ka san ya san aikinsa. Mun tarar da ma'aikatan jinya a bakin aiki. Mu ma ga mu majiya ƙarfi huɗu, kowa a shirye yake ya ba da jini. Sai dai jakar ɗibar jinin tana cikin sito, makullin sito yana aljihun wani ma'aikaci da ya tashi tun la'asar, wayarsa kuma a kashe. Janareta lafiyarsa lau, amma man da aka saya na wata ya ƙare tun ranar ashirin, takardar neman ƙari tana kan teburin wani tana jiran sa hannu. Motar ɗaukar marasa lafiya tana fake a gindin bishiya, direbanta yana nan, taya ɗaya ce ta fashe tun makon jiya. Da fitilar waya likitan nan ya yi iya yinsa har jinin ya lafa, sannan ya rubuta mana takarda zuwa Zariya. Allah Ya yi da sauran shan ruwanta a gaba, ta rayu.

A hanyarmu ta dawowa na riƙa lissafa abubuwan da suka kusa raba yara biyar da uwarsu: makulli ɗaya, jarkar mai ɗaya, taya ɗaya. Babu ko guda daga ciki da ke cikin littattafan likitanci, kuma idan aka haɗa kuɗinsu duka ba su kai abin da ake kashewa a bikin buɗe sabon gini ba. Ilimin magani yana nan a asibitin a wannan dare. Abin da babu shi ne wanda ya zauna tun da rana ya tambayi kansa: idan mai naƙuda ta zo da ƙarfe biyun dare, wa ke riƙe da makulli, kwana nawa man da ke tanki zai yi, kuma wace mota za ta fita?

Mai karatu ya san yadda ake samun shugaban asibiti a ƙasar nan. Ana duba wanda ya fi daɗewa a aiki, ko wanda ya fi matakin albashi, wani lokaci kuma wanda ya fi uwa a gindin murhu, sai a miƙa masa takarda a ce daga yau kai ne shugaba. Jiya yana ɗakin tiyata, yau an ajiye masa kasafin kuɗi, da jadawalin aikin mutum ɗari, da rigimar masu gadi, da bashin 'yan kwangila, da wasiƙun hukumar asibitoci. A ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙauye ma haka abin yake: jami'in lafiya da ya fito daga makarantar Kankiya ko ta Daura, ko ungozomar da ta gama makarantar Malumfashi, sai su wayi gari su ne masu kula da cibiya, su ne akanta, su ne ma'ajin magani, su ne masu rubuta rahoton wata. Wanda Allah Ya yi wa baiwa sai ya laluba ya koya a kan aiki, bayan kurakurai da marasa lafiya ne ke biyan kuɗinsu. Wanda bai dace ba sai ya kulle kansa a ofis, ya zama mai sa hannu kawai. A irin wannan naɗi, sau da yawa hasara biyu muke yi: mun rasa ƙwararren likita a ɗakin duba marasa lafiya, ba mu kuma sami shugaba a ofis ba.

Iyayenmu da kakanninmu ba su ɗauki riƙon jama'a da wasa haka ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa ɗaukar wanda ya fi kowa yawan jakuna su ce shi ne madugu. Madugu sai wanda ya daɗe yana bin ayari, ya san zango, ya san mashaya, ya san inda ake biyan fito da yadda ake magana da sarakunan hanya, kuma yana da jagaba da uban dawaki da malamin da ke riƙe lissafi. Babban manomin Dandume ko Bakori ya san cewa iya riƙe fartanya daban, iya riƙe gandu daban: takin da ya iso bayan masara ta yi bunƙasa ba shi da maraba da wanda bai zo ba. Hatta Turawan mulki sun gane haka, shi ya sa makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947 ta zama Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a 1954, inda aka horar da ma'aji da magatakarda da alƙalan En'e. Idan an ga wajibi ne a koya wa mai riƙe baitulmalin En'e aikinsa, ina dalilin barin mai riƙe rayuka ya yi ta lalube?

Kada wani ya ce matsalarmu rashin sanin cututtukanmu ne. Ƙasar nan tamu ta kudancin Katsina tana cikin wuraren da aka fi bincika a Arewa. A shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi shekaru suna gudanar da babban bincike a ƙauyukan Malumfashi, a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da saran maciji, kuma har yau ana karanta sakamakonsa a jami'o'in duniya. A Zariya kuwa, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya buga sakamakon a 1985, inda ya nuna cewa matan da ba su je awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka tsara abin da ake kira jinkiri uku da ke kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko laifinmu ne mu magidanta. Na biyu na hanya ne da mota, yanzu kuma har da tsoron 'yan bindiga a yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Na uku kuwa, wanda mu muka ɗanɗana, yana wuyan masu riƙe asibiti. Shekara arba'in bayan binciken Zariya, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Takardun bincike sun cika kabad. Masu mayar da su aiki ne suka yi ƙaranci.

Wanda ke shakkar cewa tsari kaɗai na iya ceton rai, ya tuna labarin shan-inna. Duk mun ga yadda aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004, aka yi ta zuba kuɗi shekara da shekaru cutar tana nan daram. A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da cutar ta kama, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, kuma Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Babban abin da aka canza shi ne yadda ake tafiyar da aikin. Tun 2009 aka jawo sarakuna cikin lamarin ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi. A ƙarshen 2012 aka buɗe cibiyar ba da umurnin gaggawa a Abuja, daga baya a jihohi har da Katsina, inda ake zama a duba alƙaluma a kai a kai, a zana taswirar kowace unguwa da kowace ruga, a bi sawun masu ɗigo da na'ura, a yaba wa wanda ya yi aiki, a sauke wanda ya yi ƙarya a rahoto. A 2016 aka ga na ƙarshe a Borno, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake wani nau'inta da ya rikiɗe ya ci gaba da ɓulla a Arewa maso Yamma bayan nan.

Wannan tsarin ne ya cece mu lokacin da cutar Ebola ta sauka Legas a ranar 20 ga Yulin 2014. Bayan jarumtar marigayiya Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana maras lafiyan farko fita, mutanen da suka goge a yaƙin shan-inna ne suka kafa cibiya, suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce an gama. Abin lura a nan shi ne, wanda ya jagoranci cibiyar, Dokta Faisal Shu'aib, likita ne da ya fito daga Zariya, sannan ya ƙara karatun kiwon lafiyar al'umma har zuwa digiri na uku. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda ya riƙe hukumar kiwon lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, aka fito da shirin tura ungozomomi karkara a 2009 a zamaninsa, aka kuma naɗa shi ministan lafiya a 2023, shi ma ɗan Zariya ne a karatu, kuma bayan likitanci sai da ya je Jami'ar Duke a Amurka ya yi digiri na biyu a fannin gudanarwa. Mutum na iya saɓa musu a siyasa ko a wasu manufofi, amma ba ya musun cewa karatun ya yi musu rana. Tambayata ita ce, me ya sa irin wannan ilimi zai tsaya a Abuja? Mai kula da cibiyar lafiya a Maska ya fi minista kusa da mai naƙuda.

Daɗin daɗawa, zamani ya canza ta yadda rashin wannan ilimi ya zama haɗari ga ma'aikacin kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma fara sa shi a kasafin 2018. Dokar ta raba kuɗin dalla-dalla: kashi 50 na inshorar lafiya, 20 na magunguna da alluran rigakafi, 15 na gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, 10 na horar da ma'aikata, 5 na agajin gaggawa. Wani kaso yana faɗawa kai tsaye cikin asusun bankin cibiyar, kuma kafin a taɓa shi sai mai kula da cibiya ya rubuta tsarin abin da zai yi a wata uku, shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa ya sa hannu tare da shi, daga baya a kawo rasit. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361, kuma manufar ita ce kowace ta sami cibiya guda mai aiki sosai. Ke nan muna buƙatar aƙalla mutum 361 da suka iya tsara kasafi da ajiye lissafi, ban da shugabannin manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi da sauransu, da daraktocin lafiya na ƙananan hukumomi 34. Wanda aka ba kuɗi ba a koya masa lissafi ba, an haƙa masa rami ne: ko ya ji tsoro ya bar kuɗin a banki rufin yana yoyo, ko ya kashe ba bisa ƙa'ida ba masu binciken kuɗi su yi awon gaba da shi.

To wane irin karatu nake nufi? Ina nufin babbar difloma ko digiri na biyu a fannin shugabanci da gudanar da harkokin lafiya, wanda aka gina a kan aikin da mutum zai koma ya tarar. A koya masa karanta kasafi da rubuta shi. A koya masa lissafin sito, ya san yawan maganin da ake sha a wata, da kwanakin da oda ke ɗauka kafin ta iso, domin ya nemi ƙari tun kwali bai ƙare ba, ya kuma fitar da wanda ya kusa lalacewa kafin sabo. A koya masa cewa allurar tsayar da jinin haihuwa tana rasa ƙarfinta idan ta sha zafi, saboda haka firji da hasken rana suna cikin magani. A koya masa tsara jadawali, da yadda ake yi wa na ƙasa gyara ba tare da cin fuska ba, da yadda ake zama bayan kowace mutuwar mai jego a binciki inda aka yi sake ba don a kama mai laifi ba. A koya masa karanta alƙaluman da yake aikawa sama duk wata, waɗanda yawanci ba ya waiwayarsu. A koya masa dokokin aiki da na sayen kaya, da yadda ake zama da mai unguwa da liman da shugabar mata.

Sannan a koya masa kalandar ƙasarsa. A yankinmu cuta tana da lokaci kamar yadda shuka take da lokaci. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓi ke cika gadaje da yara masu ƙarancin jini, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aljihun manomi ya bushe, hanyoyin ƙauye suka yanke. Da bazara sanƙarau da ƙyanda ke zuwa. Da kaka kuɗi ke shigowa, lokacin ne magidanci zai iya biyan kuɗin inshorar shekara idan an zo masa da maganar. Shirin ba yara maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a damina, wanda aka fara gwadawa a Jihar Katsina a 2013, gaba ɗayansa aikin tsari ne: idan zagaye ɗaya ya makara, an bar yaro a buɗe a tsakiyar sauro. Haka nan tamowa. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a Katsina cikin wata shidan farko na shekarar saboda rashin abinci mai gina jiki. Abin kunya ne a ce haka na faruwa a jihar da kasuwanninta ke loda wa tireloli masara da waken suya zuwa kudu. Shugaban da ya san watan da yunwa ke shigowa zai tanadi abincin jinyar yara tun kafin layi ya yi tsawo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin karatun ma ba sai an haye teku ba. Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen kiwon lafiyar al'umma, da Kongo, da cibiyar karatu daga nesa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin lafiyar al'umma da manufofi. A cikin jiha akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta tarayya da ke Dutsin-ma. Akwai kuma samfurin da za a kwaikwaya: shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, inda ɗalibi ke yin ɗan lokaci a aji, mafi yawan shekara biyun kuma yana fagen aiki. Haka ya kamata wannan ya kasance. Ɗalibi ya zo aji mako guda, ya koma asibitinsa mako bakwai. Kundin kammala karatunsa ya zama wata matsala ta asibitin da ya warware, alal misali ya auna mintocin da mai zubar da jini ke yi kafin a ɗaura mata jini, ya rage su, ya kawo shaida.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce ƙasar nan ta kamu da ciwon satifiket, kowa neman harafin da zai liƙa bayan sunansa yake yi domin ƙarin girma. Gaskiya ne, na kuma san masu digiri biyu da ba za su iya riƙe kantin unguwa ba. Maganin wannan shi ne a ɗaure takardar da aiki, kamar yadda na faɗa, kuma wa'adin shugaba ya dogara da abin da aka gani a ƙasa. Na biyu za su ce likitocin nawa ne da za a ɗebe su a kai aji, alhali ministan lafiya da kansa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, wanda ya ƙara ilimi kuma ai ƙara masa fiffike aka yi. Amsata ita ce, ku tambayi waɗanda suka tafi. Bayan albashi, abin da suka fi kuka da shi shi ne aiki cikin duhu, da jadawalin son kai, da shugaban da ba ya sauraro. Matashin likitan da ya yi mana aiki da fitilar waya, idan ya tattara ya tafi Saudiyya gobe, wa zai ga laifinsa? Shugabanci nagari yana cikin abubuwan da ke riƙe ma'aikaci.

Na uku ita ce tsohuwar rigimar wa ya cancanci shugabancin asibiti. Dokar soja mai lamba 10 ta 1985 ta keɓe shugabancin asibitocin koyarwa ga likitoci, sauran ma'aikata ƙarƙashin ƙungiyar JOHESU kuma sun daɗe suna ganin an mayar da su 'yan bora. Kwamitin Alhaji Yayale Ahmed ya miƙa rahoto a kan wannan saɓani a 2014, amma a 2018 sai da aka yi yajin aikin kusan mako shida, talaka ya rasa inda zai sa kansa. Ingila ta bi ɗaya hanyar: bayan rahoton Roy Griffiths na 1983, wanda shugaban wani kamfanin kantuna ne, aka kawo manajoji suka riƙe asibitoci. An sami gyara, amma rahoton Robert Francis na 2013 a kan asibitin Stafford ya nuna yadda shugabanni suka duƙufa kan cike alƙaluma da tsimin kuɗi har aka bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa. Darasin da na ɗauka shi ne, manajan da bai san jinya ba haɗari ne, likitan da bai san gudanarwa ba shi ma haɗari ne. A matakin jiha, inda hannunmu yake kaiwa, a buɗe karatun ga kowa: likita, ma'aikaciyar jinya, ungozoma, mai haɗa magunguna, mai gwaje-gwaje, jami'in lafiya. Zamansu a aji ɗaya ma zai rage gabar da ke tsakaninsu. Kuma a ware wa mata gurabe, domin su ne suka fi yawa a ɗakunan haihuwa, su ne kuma suka fi ƙaranci a teburin shawara.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, za su ce ko wane digiri mutum ya yi, ba ya tatsar mai daga janareta idan gwamnati ba ta ba da kuɗi ba. Wannan haka yake. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Ba na kuma goyon bayan a horar da mutum sannan a ɗaure masa hannu, ya zama sai ya rubuta wasiƙa Katsina kafin ya sayi taya. Ilimi da iko da kuɗi tare suke tafiya. Amma inda kuɗi ya yi kaɗan, nan ne aka fi buƙatar mai iya tattali. Mai wadata yana iya ɓarna ya kwana lafiya, mu ba mu da wannan sararin.

Saura maganar amana, wadda wasu za su ce ba a koyar da ita a jami'a. Na yarda. Sai dai mu tuna ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar. Siffa biyu ya ambata game da kansa, tsare amana da sanin aiki, kuma da su biyun ne ya tara hatsin shekara bakwai ya ciyar da ƙasa a shekara bakwai na fari. A nan gida ma, littafin Usulus Siyasa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta kan ƙa'idojin mulki, Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya rubuta wa, mutumin da malami ne kuma jarumi tun kafin a ba shi tuta. Ke nan magabatanmu sun ga cewa malanta da jarumta ba su wadatar da mai mulki daga koyon mulki ba. Mai amana maras sani zai yi ɓarna da kyakkyawar niyya, mai sani maras amana zai yi ta da gangan. Makaranta ta ɗauki ɗaya, tarbiyya da bincike da hukunci su ɗauki ɗayan.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta sa doka cewa, bayan wa'adin da za a ƙayyade, ba za a naɗa kowa shugaban babban asibiti ko daraktan lafiya na ƙaramar hukuma ba sai yana da wannan horo, waɗanda ke kan kujera yanzu kuma a fara da su. A ɗauki nauyinsu daga kason horar da ma'aikata da doka ta riga ta tanada, da sharaɗin kowa zai yi wa jiha aiki na wasu shekaru a inda aka tura shi. Masu kula da ƙananan cibiyoyi a shirya musu gajeren kwas a Funtuwa da Malumfashi, da Hausa inda ya kamata, wanda zai zama tsani zuwa difloma. Jami'o'inmu su sauko daga bene, su gayyato tsofaffin shugabannin asibiti da manyan ma'aikatan jinya da suka yi ritaya su koyar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Attajiranmu na auduga da hatsi da sufuri, waɗanda Allah Ya hore wa gina masallatai da ɗakunan jinya, su sani cewa ɗaukar nauyin karatun ungozoma ɗaya da za ta riƙe ɗakin shi ma sadaka ce mai gudana. Su kuma ma'aikatan lafiya, kada su ɗauki wannan a matsayin raini ga iliminsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yarinyar da aka haifa a wancan dare tana nan tana gudu a tsakar gida, uwarta tana yi mata kitso. Duk lokacin da na gan su sai in tuna cewa wata ta bi hanyar da muka bi, ta tarar da abin da muka tarar, ita ba ta kai Zariya ba, aka ce kwana ne ya ƙare. Lallai kwana ne ya ƙare, babu mai ja da ƙaddara, amma za a tambayi wanda aka ba makulli, za a kuma tambayi wanda ya ba shi bai koya masa ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya saka wa ma'aikatan lafiyarmu da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.